Ka Ba Iska Baya: Yadda Ake Kallon Tsuntsaye a Bakin Tekun Accra

Sana'ata gyaran keken ɗinki ce a Nima. Wanda ya yi shekaru yana leƙen ƙoshiya da kafar allura, idonsa kan nemi abin da zai hanga daga nesa ya huta, ni kuwa abin da nawa ya samu shi ne tsuntsayen bakin teku. Fitata ta farko ba ta yi armashi ba. Kashegarin Kirsimeti ce, na kwashi yara uku da rana tsaka muka nufi bakin ruwa, ashe rabin gari ya riga mu zuwa da lasifika da dawakin haya. Iska ta fizge mini hula ta jefa a ruwa, yashi ya cika mana wake da shinkafa, tsuntsayen da muka gani kuwa hankaka ne da shirwa, waɗanda ko a bolar unguwa ana ganinsu ba da kuɗin mota ba. Ɗan ƙanwata ya dube ni ya ce, "Kawu, don wannan ka hana mu kallon ƙwallo?" Na rasa ta cewa. Na yi wajen shekara ina ɗora wa iska laifi, kafin na gane ni ne ban iya zama da ita ba.

Ga yadda nake yi yanzu.

Wace rana, wane lokaci

Yawancin tsuntsayen da za ka je gani 'yan ci-rani ne. A can arewacin Turai da Sibiriya da Girinlan suke saka ƙwai, idan sanyi ya matso sai su gangaro. Tafkunan bakin tekunmu zangonsu ne, kamar yadda Nima da Sabon Zango suka zama wa kakanninmu da suka biyo hanyar goro. Suna cika daga Satumba, zuwa Maris da Afrilu kuma sun fara haramar komawa. Saboda haka hutun da ya faɗo cikin waɗannan watanni shi ne naka. Ni na fi son Ranar Manoma, Juma'ar farko ta Disamba, sai shekarar zaɓe da akan matso da ita cikin Nuwamba. Hutun ranar 'yancin kai na 6 ga Maris ma yana da nasa daɗin, don a lokacin wasu sun fara sauya gashi, ƙirjin da ya yi watanni yana toka-toka sai ka ga ya soma ja kamar jan bulo.

A Accra rana kan fito wajen ƙarfe 6 duk shekara. Ka yi asuba, ka sha koko da ƙosai a tsaye, ka kama hanya. Ranar hutu masu lasifika ba sa isa bakin ruwa sai hantsi ya ɗaga sosai, awowin nan na farko naka ne kai da masunta. Idan Ranar Manoma ce, ƙarfe 10 ta yi maka a hanyar dawowa, ka samu ka yi wanka ka tarar da Juma'a a masallacin Kanda ba da gudu ba.

Sai maganar cikar teku, wadda na daɗe ban kula da ita ba. Teku na cika sau biyu tana janyewa sau biyu a yini da kwana, kuma kowace rana lokacin kan ƙara jinkiri da kamar minti 50. A gaɓarmu bambancin bai kai mita 2 ba, amma ga tsuntsun da tsayin ƙafarsa bai wuce ɗan yatsa ba wannan babban lamari ne. Idan ruwa ya janye sai su watsu cikin laka suna kiwo, kowa da nasa gefen, nesa da kai. Idan ya cika sai ya koro su, su taru wuri guda a tudu suna hutawa. Ka isa awa ɗaya ko biyu kafin cikar, ka zauna, ruwan da kansa zai turo maka su. Jadawalin cikar teku na Tema yana nan a intanet. Mu masu lissafin wata ma muna da sauƙi, don cika mafi girma tana zuwa ne a kwanakin farko na wata da kuma wajen 14 zuwa 16, lokacin da farin wata ya cika.

Inda za ka

Wuri biyu ne kusa. Na gabas shi ne tafkin Sakumo, tsakanin Sakumono da Tema. Ka shiga tortoro mai bin hanyar bakin teku ta La, Teshie da Nungua, ka ce wa yaron mota ya sauke ka inda hanya ta ratsa tsakanin teku da tafki. Na yamma shi ne inda kogin Densu ke shiga teku: ka bi ta Kaneshie a hanyar Kasoa, ka wuce Mallam, ko dai ka sauka wajen fagagen gishiri na Panbros, ko ka ƙarasa ta Bortianor. Dukansu biyu suna cikin wurare biyar na gaɓar Ghana da aka sa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 1992, tare da Muni na Winneba, da Songor na Ada, da Keta. 'Yan'uwanmu na Kumasi suna da nasu a Owabi, sai dai can tsuntsayen daji da na ruwan daɗi ne.

Gaskiya guda, Sakumo ba kamar da take ba. Gidaje sun ci gefenta, ciyawa ta rufe wurare da yawa da a da laka ce fili, kuma kwatocin unguwanni a ciki suke ƙarewa. Duk da haka ga mai koyo nan nake cewa ya fara, saboda daga gefen hanya ma ana gani, kuma tsarin wurin ya yi daidai da abin da zan faɗa kan iska. Fagagen gishiri na yamma sun fi tsuntsu, amma filin kamfani ne, ka yi sallama a ƙofa ka nemi izini. In an hana, ka yi godiya ka kewaya ta Bortianor, akwai masu kwalekwale da ke shiga da mutum cikin ruwan. Ku gama ciniki tun kuna tudu.

Abin ɗauka

Madubin hangen nesa shi ne jarin. Ka nemi mai rubutun 8x42 a jiki, wato yana kusanto abu ninki 8, faɗin gilashin gaba kuma milimita 42. Mai sayarwa zai nuna maka mai ninki 12 ko 20 ya ce ya fi ƙarfi. Ƙyale shi. Duk abin da ya ninka tsuntsu yana ninka rawar hannunka, ranar iska kuwa ba abin da za ka gani sai tsalle-tsalle. Idan na gwanjo ne, ka auna shi da hasumiyar masallaci ko turken lantarki: in ka ga abu ɗaya ya zama biyu, an taɓa yar da shi, kuma ciwon kai zai sa maka. Ka juya shi ka leƙa ta gilashin gaba, in ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce da laimar garin nan ke kawowa, ba ta goguwa. Da ka saya ka daidaita shi da idonka sau ɗaya: rufe idon dama ka murza ƙafar tsakiya har abu ya fito tas, sannan ka rufe na hagu ka murza zoben da ke idon dama. Daga nan ƙafar tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa.

Babbar riga da farar jallabiya a bar su a gida, iska na mai da su tuta, tsuntsu na hango ka tun daga nesa. Riga mai ruwan ƙasa wadda ta kama jiki, tsohon kambas maimakon silifa, don laka ta cinye mini silifa ƙafa ɗaya na dawo Nima ina ɗingishi. Hula mai igiya, ko ka naɗa hirami. Uwargida idan ta bi mu takan cusa bakin hijabinta cikin zani ta ɗaure tamau. Ruwan sha, man kaɗe don leɓe in hunturu ne, abinci cikin kwano mai murfi, ƙaramin littafin rubutu da fensir. Biro ba ya son takarda mai laima. Akwai littafin Birds of Ghana na Borrow da Demey mai zanen tsuntsayen ƙasar nan, waɗanda sun haura iri 700, akwai kuma manhajar Merlin ta gane tsuntsaye a waya, kyauta. Ka sauke abin da kake buƙata tun a gida.

Zama da iska

Nan ne ainihin maganar. Tsuntsu idan ya sauka cikin iska, fuskantarta yake yi. Gashinsa daga gaba ya kwanta zuwa baya, in ya ba iska baya sai ta burkita shi, kuma in tashi ya kama, cikin iska yake tashi kamar jirgin sama. Ka lura da garke a kan tudun yashi ranar da take kaɗawa, za ka gan su ɗari ko fiye duk sun dubi gefe guda kamar sahun salla. To, idan kai ka ba iska baya, su kai suke kallo. Za ka ga baki da ƙirji da goshi, waɗanda su ne ake gane tsuntsu da su, idonka kuma ba ya hawaye, yashi ba ya shiga gilashi. Wanda ya fuskanci iska wutsiyoyi kawai zai ƙirga.

Rana ma a bayanka ake so ta kasance, in ba haka ba kowane tsuntsu baƙi zai zame maka. Abin da ya ba ni mamaki da na gano shi, a Accra sau da yawa iska da rana gefe guda suke. Safiyar hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, rana kuma tana gabas, sai ka fuskanci yamma ka ba su baya su duka. Da la'asar iskar teku ce ke tasowa daga kudu maso yamma, rana ta karkata yamma, sai ka juya ka fuskanci gabas. A Sakumo kuwa, in ka tsaya a gefen hanya, teku na bayanka, tafki na gabanka ta arewa, kuma a Disamba da Janairu rana ta kudu take bi. Kamar don mai kallo aka shimfiɗa wurin. Ranar da suka saɓa, rana gabas iska yamma, ka zaɓi rana a baya, sannan ka nemi abin da zai tare maka iskar: gindin kwalekwalen da aka jawo tudu, ko gangaren tulin gishiri, ko tsohon gini.

Kada ka tsaya a tsaye. Zauna a ƙasa, ka kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, ka jingina baya da wani abu, hannu zai daina rawa. Zaman yana kuma rage maka girma a idonsu. Na sha zama minti 20 ban motsa ba, tsuntsayen da suka gudu da isowata su dawo suna kiwo har inda zan iya jifansu da hula. Abu ɗaya ne iskar baya ke cutar ka da shi: tana kai musu muryarka. A kashe ƙarar waya, a rage surutu. Yara ba sa iya shiru don an ce su yi, saboda haka nakan ba kowa aiki. Autata ce mai ƙirga, tana raɗa mini, "Baba, masu jan ƙafa sun zama 17," ɗan ƙanwata kuma shi ne magatakarda.

Wani kuskuren masu koyo shi ne su ga tsuntsu, su sunkuya su ɗauko madubi, su shiga laluben sama. Ka kafe idonka a kan tsuntsun, ka ɗago madubin ya tarar da idon. Ka gwada da tattabarun unguwa kafin ranar.

Iska mai ƙarfi tana ɓoye ƙananan tsuntsayen ciyawa, kada ka ɓata lokaci a kansu. Ka duba gefen tudu da iska ba ta bugu, nan ake fakewa. Ka kuma riƙa waiwayen teku, don iskar da ke bugowa daga ruwa tana matso da tsuntsaye masu kamun kifi kusa da gaɓa. In hazon hunturu ya yi kauri launi kan ɓace, komai ya koma toka. Ranar nan tambaya uku nake yi wa kowane tsuntsu: yaya tsayin ƙafarka, yaya bakinka, me kake yi? Ko ba hazo ma, waɗannan ukun sun fi launi amfani.

Waɗanda za ka tarar

Wasu ka san su tun daga gida. Balbela, zalɓe tsaye kamar mai jiran bashi, kirinjijiya garke-garke da farar fuska da fito, taka-a-bado mai dogayen yatsu yana tafiya a kan ganye, da zakaran ƙeƙuwa, ɗan tonon asiri, wanda da ya hango ka zai sanar da duk tafkin. Sauran kuwa a gidanmu mu muka raɗa musu suna.

Akwai "'yar tsere", ƙarama fara-fara mai baƙin baki da baƙar ƙafa, wadda ke bin igiyar ruwa da gudu in ta koma, ta juyo da gudu in ta dawo. A littafi sanderling ce. Nauyinta bai fi na ƙwan kaza ba, amma daga ƙasashen ƙanƙara na can ƙuryar arewa take zuwa. Akwai "mai lauje", babba mai ruwan ƙasa da baki lanƙwasasshe ƙasa, yana zaro kaguwa daga rami, shi ne whimbrel. Akwai "mai jan ƙafa", fari da baƙin baya, ƙafafu dogaye siraran kamar tsinken tsintsiya. Akwai wata mai kamar balbela amma launin toka mai duhu da farin maƙogwaro, tana rawa cikin ruwa tana korar kifi. Kada ka haɗa ta da "mai laima", baƙi ƙirin, wanda kan buɗe fukafukai ya rufe kansa ruf kamar laima, kifi ya shigo inuwa ya cafke. Ranar da yara suka fara ganin wannan a Sakumo dariya ta ƙwace musu, garken duka ya tashi.

Wanda iska ta fi yi wa kyau shi ne ɗan kamun kifin nan mai dabbare-dabbaren fari da baƙi. Yakan tsaya cak a sama yana kaɗa fukafukai, kai a sunkuye, fuska ga iska, sannan ya faɗo kamar dutse. Shi nake nuna wa baƙo da farko, don ba ya ɓuya.

Sai "tsattsewar teku", farare masu dogon fiffike da wutsiya mai reshe biyu, waɗanda littafi ke kira tern. Iri-iri ne, rarrabe su aiki ne, ka fara da baki: babbar mai bakin ruwan lemo daban, mai baƙin baki da ɗigon rawaya a tsini daban, ƙananan kuma ka bar su sai ido ya saba. Ni kaina har yau wasu ina rubuta su da alamar tambaya. Cikinsu akwai wadda ke hayayyafa a tsibiran Ingila da Ailan ta zo nan ta yi rani, roseate tern. Da can yaran bakin teku kan kama su da tarkon zare da ɗan kifi, adadinsu kuma yana ta raguwa a Turai. Wannan ne ya sa aka fara aikin ceton tsuntsayen bakin teku a Ghana a 1985, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta, aka shiga makarantu ana kafa kulob na yara. Ƙirge-ƙirgen wancan aiki na cikin abin da ya nuna darajar tafkunan nan. Shi ya sa nake cewa ka riƙa duban ƙafa. In ka ga zobe na ƙarfe ko na roba mai launi, wani ne ya sa shi a wata ƙasa yana jiran labari. Ka rubuta launukan daga sama zuwa ƙasa, ƙafar hagu daban ta dama daban, da rana da wuri, ka kai wa ƙungiyar Ghana Wildlife Society da ke nan Accra, ko ka sa a eBird, shafin intanet na masu kallon tsuntsaye, da hoto.

Ladabin wuri

Idan tsuntsaye suka daina ci suka ɗaga kai gaba ɗaya, ka matso da yawa, ka ja da baya taku biyar ka zauna. Kowane tashi da ka sa su yi daga kitsen komawa gida ake cire shi. Danƙon harbi ya kwana a gida, ka laluba aljihun yara kafin ku fita, na san abin da ya sa na faɗa. Ka gai da masunta, "Ojekoo" guda da safe tana buɗe hanya wajen mutanen Ga, kuma kada ka jingina da kwalekwalen mutum ko ka ɗauki hotonsa ba ka tambaya ba. In ka tarar ana jan taru zuwa gaɓa, tsaya, don tsattsewar teku kan taru a kansa kamar kasuwa. Ranar Talata dai masunta ba sa shiga teku, ba za ka samu wannan ba. Tafkin Sakumo kuma wuri ne mai alfarma a al'adar mutanen Tema, in an ce kada a taka wani gefe, ba gardama.

Wanka a teku babu shi cikin shirin. Ruwan gaɓar nan yana da ja ta ƙasa, kuma ranakun hutu ne aka fi jin mummunan labari. Yara su tsaya inda yashi ya bushe. Ka duba inda kake sa ƙafa, wasu gefen gaɓar ba sai na yi bayani ba. In fitar yamma ce salla ta same ka a can, ruwan teku yana alwala, sai dai ka danne kusurwoyin darduma da takalma da kwanon abinci, in ba haka ba kana ruku'u tana hanyar Tema.

Da ka dawo gida, kafin ka zauna, ka duba madubin. Raɓar gishiri da ƙurar yashi sun kwanta a gilashin ko ba ka gani. Kada ka goga da bakin riga, yashin zai karce shi. Ka hure tukuna, ka share da burushi mai laushi, ni da irin wanda nake share cikin keke nake yi, sabo wanda mai bai taɓa ba, sannan ka goge da ƙyallen tabarau mai ɗan laima. Kada ka kulle shi cikin jaka ranar, ka bar shi ya sha iska a ɗaki. Sai ka karɓi littafin daga hannun magatakarda tun abin yana sabo a kai, ku cike abin da aka manta: ƙarfe nawa kuka isa, ina iska ta fito, kwana nawa ga wata, ruwa na cika ne ko yana janyewa. A shafinmu na Ranar Manoman da ta wuce akwai iri 23, uku da alamar tambaya, a ƙasa kuma da rubutun ɗan ƙanwata: hular Kawu ta dawo gida.